Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Nake Tanadin Abinci Don Ranar Matsi

Buhun wake na farko da na ajiye da sunan tanadi, ƙwari ne suka cinye rabinsa. A shekarar 2020 ne, lokacin da annobar korona ta sa aka kulle garuruwa a duniya, kowa ya ruga yana jidar abin da hannunsa ya kai gare shi. Ni ma na bi ayari. Na jibge shinkafa da wake da fulawa da jarkar mai a wani ɗan ɗaki da ke jikin kicin, na ja ƙofa, zuciyata wasai. Bayan wata huɗu na kwance bakin buhun waken, na tura hannu, sai na ji ɗumi kamar an ɗauko shi daga rana. Da na ɗebo, kowace ƙwaya da hujinta, gari na zuba ta tsakanin yatsuna, ƙananan ƙwari na hawa hannun rigata. Surukata na tsaye a bayana. Ta leƙa, ta ce, "'Yar nan, ai wannan ba ajiya kika yi ba, kiwo kika yi."

Maganar ta sosa mini rai a ranar, amma gaskiya ta faɗa. Fulawar ta ɗauki ƙanshin sabulun wankin da na jingina kusa da ita. Buhun shinkafar da ke ƙasa ya sha laimar siminti har gindinsa ya yi baƙi. Man kuma da muka kai gare shi ya fara maƙaƙi a wuya. Kuɗi na kashe ba kaɗan ba, amma da matsin ya yi tsawo, da mun yi ta kallon buhuna muna kwana da yunwa. Daga nan na gane cewa saye shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Abincin da aka ajiye yana da abokan gaba a cikin gida: danshi, zafi, iska, haske, ƙwaro da ɓera. Wanda bai shirya musu ba, su ya yi wa cefane.

Fara da takarda kafin kasuwa

Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima. Ni dai nawa idon ya ruɗe ni, domin na ɗauka buhu mai kilo 50 zai kai mu wata biyu. Ga lissafin da nake bi yanzu. Hukumomin agaji, har da Shirin Abinci na Duniya, suna ƙiyasta kalori 2,100 ga mutum ɗaya a rana idan ana rabon abincin gaggawa. Giram 100 na ɗanyar shinkafa yana ba da kalori wajen 360, wake wajen 340, sukari kusan 390, mai kuwa kusan 900. Idan ka ba mutum giram 400 na hatsi a rana, da giram 80 na wake, da giram 30 na mai, da giram 30 na sukari, da giram 5 na gishiri, ka kai kusa da wannan adadin.

A wata ke nan mutum ɗaya na buƙatar hatsi kilo 12, wake kilo 2 da rabi, mai lita 1, sukari kilo 1. Mu shida ne a gida: ni da maigida, yara uku da surukata. Hatsi kilo 72 ke nan a wata, wake kilo 15, mai lita 6. Buhun nan mai kilo 50, idan shi kaɗai ne hatsin gidan, kwana 21 zai yi ya ƙare. Ranar da na fara buga wannan lissafin sai da na maimaita sau biyu. Yara ƙanana ba sa cin na babba, gaskiya ne, amma ba na rage musu a takarda, domin ranar matsi baƙo ba ya sallama da abincinsa a hannu.

Wannan lissafin na tsira ne kawai. Kafin ka dogara da shi, ɗauki mako biyu kana rubuta duk abin da ya shiga tukunya a gidanka, har gishiri da ashana. Abin da takardar nan ta nuna shi za ka tanada. Kada ka ajiye abin da iyalinka ba su saba ci ba don kawai ka ji an ce yana daɗewa. Yaron da ya ƙi abu da lafiyarsa, ba ranar tashin hankali zai fara sonsa ba.

Sannan a bi abin mataki-mataki. Kwana uku tukuna, na abincin da ba ya buƙatar wuta. A watan Maris na 2025 Tarayyar Turai ta shawarci jama'arta su riƙe abin da zai ishe su awa 72, Jamus kuwa tun 2016 take cewa kwana 10. Daga kwana uku sai mako biyu, sai wata guda, sai wata uku. Mu mun tsaya a wata shida, kuma shekara biyu muka yi kafin mu kai nan, ta hanyar ƙara ɗan abu a kan cefanen kowane wata.

A nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Tanadi daban, ɓoye abinci daban. Mai tanadi yana saye lokacin wadata, sa'ad da kaya suka cika kasuwa, ɗaukarsa ba ta rage wa kowa komai. Wanda ya jira sai an shiga firgici sannan ya kwashe kanti, ya tsananta wa maƙwabcinsa, kuma ya sayi kaya da tsada cikin gaggawa, ba tare da ya duba ingancinsu ba. Abin da na yi ke nan a 2020, ba na kuma alfahari da shi. Farashi kuwa ba ya ba da sanarwa. Tsakanin 2007 da 2008 kuɗin shinkafa a kasuwar duniya ya ninka kusan sau uku cikin 'yan watanni. A 2022 yaƙin Rasha da Yukren ya girgiza kasuwar alkama, domin ƙasashen biyu ke fitar da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na alkamar da ake cinikinta a duniya. A Yulin 2023 Indiya, wadda ke fitar da kusan kashi 40 cikin 100 na shinkafar kasuwar duniya, ta hana fitar da wani babban rukuni na farar shinkafa. Babu wanda ya tambayi ra'ayin mai tukunya kafin ɗaya daga cikinsu ya faru.

Ruwa ke gaba da komai

Busasshen hatsi ba tare da ruwa ba tsakuwa ne. Mutum na iya jure makonni babu abinci, amma rashin ruwa 'yan kwanaki ne. Hukumar agajin gaggawa ta Amurka tana cewa galan ɗaya, wato kusan lita 4, ga kowane mutum a rana. Wannan na sha ne da ɗan girki da ɗauraye hannu. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji ke bi a sansanoni lita 15 ne idan an haɗa da tsafta. Ko da lita 4 ɗin muka ɗauka, gidanmu na buƙatar lita 24 a rana, mako biyu lita 336, jarka 17 ke nan masu lita 20. Babu ɗakin da zai ɗauki ruwan wata shida, saboda haka ruwan mako biyu nake ajiyewa, sauran kuma dabarar tsarkakewa ce.

Jarkar ta zama wadda aka yi don abinci, ba wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko wani sinadari ba, domin roba tana riƙe abin da ta sha. A wanke, a cika, a toshe, a rubuta kwanan wata, a ajiye a inuwa, a sauya bayan wata shida. Idan ruwan da aka samu abin shakka ne, a tace da tsumma mai tsafta, a tafasa shi ya yi minti ɗaya cur yana ɓararraka. In babu wuta, ɗigo 2 na bilic ɗin wanki marar turare a kowace lita, a motsa, a jira minti 30. Shi ma bilic ƙarfinsa na raguwa idan ya daɗe, don haka ƙaramar kwalba nake saye ina sabuntawa. A murfin littafina kuma na rubuta haɗin ruwan gishiri da sukari na mai gudawa: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 a shafe na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Mai daɗewa da mai yaudara

Doka ɗaya ce ke raba su: abin da ya bushe kuma ba shi da maiƙo yana daɗewa, abin da ke da maiƙo yana lalacewa ko an rufe shi. Farar shinkafa, ƙwayar alkama, busasshiyar masara, wake da taliya suna cikin rukunin farko. Masu bincike a Jami'ar Brigham Young ta Amurka sun gwada farar shinkafar da ta yi shekaru har 30 a rufe babu iska, suka same ta tana ciwuwa. Shinkafar da ba a cire mata dusa ba ta fi gina jiki, amma man da ke cikin dusar kan sa ta canja ɗanɗano cikin watanni shida zuwa shekara. Haka gari yake: ƙwaya ta fi shi daɗewa nesa ba kusa ba, domin niƙa yana buɗe wa iska ƙofa. Shi ya sa fulawar wata uku kawai nake ajiyewa.

Gishiri da sukari da zuma ba sa ruɓewa muddin ruwa bai taɓa su ba. Zuma na iya daskarewa, ɗumi kaɗan zai narkar da ita, sai dai ba a ba jaririn da bai cika shekara ba. Mai shi ne ciwon kai. Shekara ɗaya zuwa biyu yake yi a rufe, a wuri mai duhu da sanyi, kuma da zarar an buɗe ya fara gudu. Ƙananan kwalabe sun fi babbar jarka ɗaya. Madarar gari da aka cire wa kitse ta fi mai kitse daɗewa.

Abincin gwangwani ma kashi biyu ne. Kifi, nama da wake na iya yin shekara 2 zuwa 5. Masu tsami, irin su tumatir da 'ya'yan itace, wata 12 zuwa 18, domin tsamin na cin ƙarfen daga ciki. Gwangwanin da ya kumbura, ko yake yoyo, ko ya lotsa a kan ɗinkinsa, ko ya feso ruwa da aka buɗe, a jefar ba tare da an ɗanɗana ba. Akwai ƙwayar cutar da ke rayuwa inda babu iska, gubarta na shanye jiki, kuma ba lallai ta yi wari ba.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: hatsi zalla yana cika ciki ya bar jiki da yunwa. Farar shinkafar nan mai daɗewa an goge mata bitamin B1 tare da dusarta. A shekarun 1880 cutar beriberi, wadda rashin wannan bitamin ke kawowa, ta addabi sojojin ruwan Japan da ke rayuwa a kanta, sai da aka sauya musu abinci sannan ta lafa. Shinkafar da aka turara kafin a sheƙe ta fi riƙe wannan bitamin. Rashin bitamin C kuma kan fara nunawa bayan wata ɗaya zuwa uku, dasashi na jini, jiki na mutuwa. Maganin abin shi ne haɗa hatsi da wake, a ajiye busasshen ganye da kayan lambu, da kifin gwangwani, da kwalbar ƙwayoyin bitamin. Ana kuma iya jiƙa wake ya kwana, a tsane, a riƙa ɗaurayewa safe da yamma, cikin kwana uku zuwa huɗu ya tsiro, a ɗan dafa a ci.

Kada kuma a raina kayan ɗanɗano da shayi. Ƙasar Suwizalan tana tilasta wa masu shigo da kaya ajiyar sukari da shinkafa da mai da kofi na watanni. A 2019 gwamnati ta so ta cire kofi daga jerin, wai ba ya cikin abin da rai ke buƙata. Jama'a suka yi caa, aka fasa. Na fahimce su sarai. Surukata za ta yafe nama mako guda, amma ranar da babu shayi babu zaman lafiya a gidan.

Bushewa da rufewa

Nan ne aikin yake, nan kuma na faɗi a karon farko. Ƙwarin da suka ci wakena ba daga waje suka shigo ba. Ƙwansu na jikin ƙwayar tun daga gona ko sito, ido ba ya ganinsa. Da sun sami iska da ɗumi sai su ƙyanƙyashe, su ci, su hayayyafa, numfashinsu ya ƙara wa buhun zafi da danshi. Ɗumin da hannuna ya ji ke nan.

Mataki na farko a tabbatar kayan sun bushe. Ciza ƙwaya: busasshiya na fashewa ƙaras, mai danshi na lotsewa a haƙori. Gwajin da na fi yarda da shi na gishiri ne. Ka sami kwalbar gilashi busasshiya, ka zuba hatsi ya kai sulusinta, ka ƙara cokali biyu ko uku na gishirin da ka shanya ya bushe sosai, ka rufe, ka girgiza minti ɗaya, ka ajiye minti 15, ka sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin na da sauran danshi, a mayar da shi rana. Bayan shanya kuma a bari ya huce a inuwa. Na taɓa ɗura shinkafa da zafinta a jarka, washegari na ga gumi ya taru a ƙarƙashin murfi.

Danshi ba asarar kuɗi kaɗai yake jawowa ba. Funfunar da ke kama masara da gyaɗa tana fitar da guba mai suna afulatokzin, wadda dahuwa ba ta kashewa, tana kuma lalata hanta. A 2004 masarar da aka adana da danshi ta kashe mutum 125 a Kenya. Ƙwayar da ta yi kore-kore ko baƙi, ko take warin ruma, ba ta mutum ba ce, ba ta dabba ba ce.

Mataki na biyu a kashe ƙwan. Mai firiza mai ƙarfi, wadda ke kaiwa digiri 18 ƙasa da sifili, ya ƙulle hatsin a leda ya sa shi mako guda. Idan ya fito kada a buɗe ledar sai ta dawo daidai da zafin ɗaki, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kan ƙwayar. Wanda ba shi da firiza, ko wutarsa ba ta tsayawa, hana iska ya ishe shi. Ƙwaro ma numfashi yake yi. Ka cika jarka ko kwalbar roba har wuya, kana bubbugawa ƙwayar ta zauna, ka sa leda a baki ka murɗa murfi tam. 'Yar iskar da ta rage su da kansu za su shanye ta su mutu. Sharaɗin shi ne a cika fal, kuma kada a riƙa buɗewa ana leƙe, a bar shi aƙalla wata biyu. A kan wannan dabarar aka gina buhun ajiyar hatsi mai suna PICS da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a murɗe bakinsa a ɗaure shi daban. Huji ɗaya kamar na allura ya isa ya ɓata aikin, don haka ina hura wa kowace leda iska in matsa kafin in zuba komai.

Don ajiyar shekaru, abin da nake amfani da shi leda ce mai fuskar azurfa da ake kira Mylar, wadda iska da haske ba sa ratsawa, tare da ɗan ƙunshi mai shanye oksijin. Garin ƙarfe ne a cikin ƙunshin. Yana yin tsatsa, tsatsar ce ke cinye oksijin ɗin da ke cikin ledar. Ana auna ƙarfinsa da cc, wato yawan oksijin da zai iya shanyewa: mai 300 ga ledar lita 4, kimanin 2,000 ga bokitin lita 20. Ga yadda nake yi. In sa ledar cikin bokiti, in zuba shinkafa har saura faɗin tafin hannu, in ɗora bakin ledar a kan katako in bi shi da dutsen guga mai zafi, in bar ɗan gefe a buɗe. Sai na jera bokitai duka sun kai wannan matakin sannan in fasa fakitin ƙunshin, domin yana fita ya fara aiki. In jefa, in matse iska, in liƙe gefen, duk cikin minti 15. Ragowar ƙunshin in zuba a ƙaramar kwalbar gilashi in rufe. Idan washegari ledar ba ta tsuke kamar dutse ba, kada hankali ya tashi. Oksijin kashi 21 cikin 100 ne kawai na iska, sauran yawanci naitirojin ne, shi kuwa ba ya ɓata abinci.

Hattara biyu. Ba a sa wannan ƙunshi a sukari ko gishiri, zai mayar da su dunƙule kamar bulo, kuma ba sa buƙatarsa. Ba a kuma rufe abu mai danshi ko maiƙo da shi. Danshin ya zama kashi 10 cikin 100 ko ƙasa da haka, domin danshi da rashin iska su ne gidan ƙwayar cutar nan ta gwangwani.

Abin da ba zan taɓa yi ba shi ne zuba maganin ƙwari a abincin da iyalina za su ci. Na feshi bai dace da hatsi ba ko kaɗan. Ƙwayar maganin nan kuma da ake jefawa a manyan sito, tana haɗuwa da danshin iska ta saki gas mai suna fosfin, wanda ya sha kashe mutane suna barci a ɗakin da ke kusa. Aikin ƙwararru ne a wurin da ba kowa ke kwana.

Ɗakin ajiya

Wuri mafi sanyi da duhu da bushewa a gidan za a zaɓa, nesa da murhu da rufin da rana ke duka. Masana abinci na ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yana iya rage kwanan ajiya da kusan rabi. Kada komai ya taɓa daɓe: a ɗora a kan katako, a bar tazara tsakaninsa da bango. Sabulu, kananzir, fenti da turare su nemi wani ɗakin. Ɓera yana huda leda da buhu, yana ma gwaguyar roba idan ya sami lokaci, shi ya sa abin da na fi ji da shi yake cikin duro na ƙarfe mai murfi. Kuma ba na tara komai wuri ɗaya. Akwai jaka guda kusa da ƙofa mai abincin kwana uku, saboda ambaliya ko gobara ba sa jiran a ɗauki bokiti.

Ci daga ciki, mayar a baya

Kuskurena na biyu a 2020 shi ne ɗaukar ajiya kamar abin da ake rufewa a manta. Yanzu daga ɗakin nan muke ci kullum. Sabon kaya ya shiga baya, tsohon ya matso gaba. Kowane mazubi da sunan abin da ke ciki da ranar da aka rufe shi, da babban rubutu a gefe da kan murfi, don ledar azurfa ba ta nuna cikinta, kuma na taɓa yanka ta wake ina neman shinkafa. Akwai littafi rataye a bayan ƙofa, duk wanda ya ɗauki abu ya rubuta. Babbar 'yata ce mai kula da shi, ta kuma fi ni tsanani. Ko babanta ya ɗauki gwangwanin kifi sai ta bi shi da alƙalami: "Baba, ba ka rubuta ba."

Sau biyu a shekara muke fito da komai, mu share, mu duba kashin ɓera da gwangwanin da ya yi tsatsa, mu sauya ruwa. A ranar nake duba na masu buƙata ta musamman. Surukata na da hawan jini, abincin gwangwani kuwa gishiri ne fal, don haka nata daban ne, kuma muna ƙoƙarin kada maganinta ya gaza na wata guda a gida. Mai jariri, mai juna biyu, mai ciwon sukari, kowa ya yi lissafin nasa.

Wuta, da gwajin da muka yi

Wake ba ya ciwuwa ɗanye. Duk kilon da ka ajiye, ka tambayi kanka da me za ka dafa shi idan babu lantarki kuma babu inda za a sayi gas. A sami hanyar girki biyu aƙalla, da ashana cikin kwalba mai murfi. Gawayi da janareto ba a kunna su a rufaffen ɗaki, iskar da suke fitarwa ba ta da wari, tana kashewa cikin barci. Idan wuta ta ɗauke, abin firji ake fara ci: awa 4 yake riƙe sanyi in ba a buɗe ba, firiza cikakkiya kuwa kusan awa 48.

Dabarar da ta fi rage mini cin makamashi ita ce naɗe tukunya. A jiƙa wake ya kwana, a tafasa shi sosai minti 15 zuwa 20, a sauke da murfinsa a rufe, a naɗe da bargo biyu, a cusa cikin kwali. Bayan awa uku ko huɗu ya nuna da zafin kansa, sai a ɗan sake tafasawa kafin a ci. Shinkafa minti 5 a wuta, minti 40 a bargo.

Bara muka ce bari mu gwada kanmu. Daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin muka kashe lantarkin kicin, muka ɗaure famfo, ba mai fita sayen komai. Ranar farko wasa ce ga yara. Ranar ta biyu muka ga ruwan da na ware na kwana uku ya kusa ƙarewa, wanke-wanke ne ya sha shi, abin da ban sa a lissafi ba. Waken da ya shekara uku a jarka babu ƙwaro ko ɗaya, amma ya ƙi nuna, sai da na sake jiƙa wani da ɗan bekin soda a ruwan. Ashanar da na bari a kwalinta ta sha laima, sanda bakwai na ƙyasta kafin ɗaya ta kama. Ƙaramin kuma ya ture kwano a daren Lahadi, ya ce shi ya gaji da abu iri ɗaya.

Da safiyar Litinin na zauna da littafin na ƙara layi huɗu: jarka biyar ta ruwan wanke-wanke, leda biyu ta bekin soda, kwalbar ashana, da biskit da man gyaɗa na ƙaramin. Waken kuma na matso da shi gaba, na rubuta a murfinsa cewa a cinye shi kafin a buɗe na bana.